Matar da Ke Kulle Takalman Baƙi

A Ha Lekhala, ƙauyen ƙarshe kafin a hau Mashigar Gaggafa, ba za ka sami wanda zai ce maka yana son Mme Makhauta ba, wato Inna Makhauta a harshensu. Ana gaishe ta dai, amma gaisuwar tsaye ce, ƙafa ɗaya tana kan hanya. Ita ma ba ta roƙi ƙaunar kowa ba. Gajeriyar mace ce, kullum cikin bargo mai ruwan toka da ta maƙale da ƙaton fil a ƙirji, bakinta kuwa idan ta buɗe shi, ko karnukan makiyaya sai sun ja da baya.

Shekara goma sha tara makullin ɗakin baƙi yana rataye a wuyanta. Ɗakin na gari ne, ginin dutse mai rufin ciyawa, inda masu doguwar tafiyar ƙafa ke yin kwanansu na bakwai kafin su hau mashiga su bi doron tsauni na wasu kwana biyar. Takan tuƙa musu tuwon masara da ganye, ta dama kunun dawa, da yamma kuma ta karɓi takalmansu ta jera a bakin murhu su bushe. To, a nan rigimar take. Idan sun bushe, cikin akwatin ƙarfe suke kwana, da kwaɗo a jiki, kuma ba ta buɗewa sai ta fita da asuba ta dubi sama ta gamsu.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. Daga ƙasan kwari aka kawo ta amarya, ba ta san komai game da dutse ba sai tsayinsa. Mijinta Lebona ja-gora ne, yana raka baƙi da dawakai. A Nuwamban shekarar da ɗansu Khauta ya fara tafiya, wasu baƙi suka makara, suna shan shayi suna ɗaukar hoto har ranar hantsi ta sauka kan shingen tumaki. Lebona ya so a bari sai gobe. Yayansa, Ntate Molupe, wato Baba Molupe, wanda shi ya samo baƙin, ya nuna masa sama tas ya ce ya daina ragwanci. Tsakar rana ta same su a kan doron da ko itace ɗaya babu. Baƙin sun dawo da ƙafafunsu. Lebona da goɗiyarsa tsawa ta ɗauke su tare.

Makhauta ba ta manta ba, ba ta kuma bar Molupe ya manta ba.

Tun daga nan ta shiga karatun sama, shekara bayan shekara, ita kaɗai a bayan ɗaki. Farkon zafi, wanda a can yake kamawa wajen Nuwamba, shi ne mugun lokaci, don yana zuwa da fuskar kirki. Sanyi ya tafi, ciyawa ta yi kore, furanni sun rufe gangare, baƙo ya ga kamar dutsen yana masa maraba. Alhali a lokacin ne macizai ke fitowa shan rana a tsakiyar hanya, rafin da ka tsallake da safe ruwa iya idon sawu ya kai maka ƙirji da la'asar saboda ruwan da aka yi can sama inda ba ka gani. Hazo yakan taso daga ƙasa ya rufe bakin kwazazzabo har ba ka ganin hannunka. Ita dai alamunta uku ne. Idan ciyawa ta kwana ba raɓa, iska ta zo da ɗumi kamar numfashin saniya, kuma ɗan farin gajimare ya zauna a kan ƙahon dutse tun ba a gama tatsa ba, ranar ba mai hawa.

Molupe kuwa da hayar dawakai yake ci, duk ranar da ta kulle akwati dawakansa a ɗaure suke wuni. Sau biyu yana tunzura baƙi su kai ƙararta wurin mai gari. A na biyun mai gari ya ce mata a gaban jama'a, idan aka kawo ta uku, makulli ya koma hannun Molupe.

Ta ukun ta zo ne da wani Ntate Khethisa, ma'aikacin ofis daga Maseru, babban birnin ƙasar, shi da abokansa biyu. Sun tashi da safe suka tarar da sama shuɗiya garau, dawakan Molupe uku da sirdi a ƙofa, ita kuma tana zaune a kan akwati tana tsince wake.

"Mme, takalmanmu," in ji Khethisa, yana murmushi, don ya ɗauka mantuwa ce.

"Suna hutawa. Ku ma ku huta. Gobe da asuba."

Ya zaro wayarsa ya miƙa mata. "Duba nan. Sai ƙarfe huɗu za a yi ruwa, shi ma kaɗan."

"Wayar nan taka ta taɓa hawa mashiga?"

Molupe ya matso yana kaɗa bulala a jikin takalmin robarsa. "Na gaya maka jiya, Ntate. Tsohuwar nan ta ga mutum da farin cikinsa, sai cikinta ya murɗa. Ke matar ƙanena, tashi daga kan kayan mutane."

"Matar ƙanenka? Ashe ka tuna kana da ƙane. Ina ka aike shi?"

"Kullum magana ɗaya kamar tsohuwar akuya."

"Akuyar ta fi ka sanin sama. Kai da ko hancinka ba ya jin ruwa sai ya jiƙa maka wando."

Ɗaya daga cikin abokan ya yi dariya, Khethisa bai yi ba. Hutunsa a ƙidaye yake, mota za ta jira su a ɗaya ƙarshen ranar Lahadi. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya ce riƙe kayan mutum laifi ne a doka. Ta ce doka ta zo ta ɗaga ta. Molupe ya aika aka kwaso takalman roba na makiyaya, amma wa zai yi kwana biyar a kan duwatsu cikin roba? Ya ɗauko dutse zai fasa kwaɗon, ta baza bargonta ta rufe shi, ta dube shi ido cikin ido.

"Fara da gwiwata, Molupe. Ka saba da jinin gidan nan."

Ya yar da dutsen. Sai ya juya ga baƙon, muryarsa ta yi laushi. "Gidan mai gari ga shi can, mai jan rufi. Ba nisa."

Khethisa ya kama hanya da safa a ƙafa, yana tsallake kashin tumaki. Makhauta tana kallon bayansa. Ta san lissafin sarai, wannan ce ta uku. Hannunta ya kai ga igiyar wuyanta, ta shafa makullin kwaɗon da ke rataye tare da na ɗakin. Kira ɗaya ya isa ya juyo. Ta ɗaga kai, ta ga ɗan gajimaren nan na kan ƙahon dutse ya yi kumburi, gindinsa ya fara baƙi. Ta mayar da hannunta cikin wake.

Wajen ƙarfe ɗaya aka fara. Iska ta tsaya cak, sannan ƙanƙara ta sauko kamar ana juye tsakuwa. Daga ƙofar ɗakin baƙi kowa ya ga walƙiya tana dukan kan mashiga, ta sake duka, ta sake, daidai inda tafiyar sa'a huɗu za ta kai mutum. Baƙin uku suna tsugune bakin murhu. Ta zuba musu kunu ba ta yi musu gori ba, wannan kuwa a wurinta babban karamci ne.

Za ka ce shi ke nan ta ci. Ba a Ha Lekhala ba.

Ƙanƙarar ta yayyage masarar rabin gari, gonar Molupe ta fi kowacce shan duka. Ta Makhauta tana lungun dutse, ko ganye bai faɗi ba. Washegari ta buɗe akwati tun da duhu-duhu, don raɓa ta sauka. Khethisa ya tsaya wurin mai gari ya ce ya janye ƙararsa, har ya ce matar nan ta ceci ransu. Mai gari ya ce ya ji, ya sauka lafiya. Da baƙi suka hau, aka tara jama'a.

Molupe bai yi maganar takalma ba ko sau ɗaya.

"Morena, ni tambaya gare ni," ya ce wa mai gari, don haka ake kiran mai sarauta a can. "Sama tas, wayar Maseru ba ta sani ba, mu da aka haifa a nan ba mu sani ba. Baƙuwar kwari ce ta san sa'ar da tsawa za ta sauka. Wanda ya san lokacin zuwan baƙo, ai sun yi magana da shi. Ku je ku dubi gonarta, ku dubi tawa."

Ba wanda ya ce haka ne, ba kuma wanda ya ce ba haka ba. Matan da masararsu ta kwanta suka kau da kai. Mai gari ya yi gyaran murya ya ce shi bai san zancen tsawa ba, ƙara dai ta cika uku.

Ta cire igiyar daga wuyanta. Molupe ya miƙo hannu, ta sake ta a ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

"Sunkuya ka ɗauka. Ka daɗe ba ka sunkuya wa kowa ba."

Yanzu tana gidanta a tsallaken rafi, ƙofarta tana kallon ɗakin baƙi. Akwatin ƙarfen hatsi take zubawa a ciki. Tana da wata ɗabi'a tun tana amarya, duk safiyar da ta ga rana za ta yi kyau har yamma, takan shanya jan bargon Lebona a kan shinge ya sha iska. Ba a yi mako biyu ba ta lura da kan mutum yana leƙowa ta bayan ɗakin baƙi kowace asuba. Idan bargo na kan shinge, sai a ɗaura sirdi. Idan babu, sai ta jiyo Molupe yana yi wa baƙi bayanin raɓa da ɗumin iska, kamar shi ya ƙirƙiro su.

Wata safiya a farkon Disamba ta fito ta shafa ciyawa, ta ji ta bushe ƙayau. Iska ɗumi. Kan nan yana leƙe. Ta daɗe tsaye da bargon a hannu, har ta ɗora gefensa a kan shinge. Molupe da kansa yake jan dawakai yanzu, abin da ya ce wa Lebona kawai za ta ce masa, ba tare da ta buɗe baki ba. Sai idonta ya sauka a ƙofar ɗakin. Takalma ƙafa huɗu a jere a waje, inda ya bar su suka kwana, ɗaya ƙarami ne, na mace, da igiya ruwan ɗorawa.

Ta janye bargon, ta ninke, ta shiga ɗaki.

Da hantsi suka haɗu a rafi, shi ya kawo dawakai ban ruwa ba sirdi, ita da bokiti.

"Mayya," ya ce, bai dube ta ba.

"Ɓarawon bargo," ta ce. "Ka riƙa shigar musu da takalma ciki, kunama na kwana a ciki. Shekara saba'in ba ka san wannan ba."

Ta ɗora bokitinta ta hau gangare. A bayanta, gajimaren kan ƙahon dutse ya fara kumbura.