Lambar da Baba Bai Taɓa Rubutawa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, aka bugo mana waya a ɗakin gwaje-gwaje cewa Baban Na'ura ya cika, bayan jinyar kwana huɗu kacal.

Baba, shekara shida ke nan da ka tsamo ni daga kasuwa, lokacin ina kawo muku kwalabe da safar hannu. Ka ce idon da ke gane jabun kaya ba zai kasa karanta layi a allon kwamfuta ba. Ka zaunar da ni gaban na'urar tace sinadarai, ka nuna min yadda layi ke tafiya a kwance, sai ya yi tudu in sinadari na fitowa. Akwai lambar da ake sa mata don ta san tudun da za ta tara a kwalba. In lambar ta yi sama, ƙaramin tudu ya bi rariya. In ta yi ƙasa, kowace rawar layi sai na'ura ta tara, kwalabe su ƙare kafin abin nema ya iso.

Ba ka taɓa tsayawa kan lamba ɗaya ba. Kullum da safe sai ka goya hannu a baya, ka yi minti goma kana kallon rawar layin, sannan ka sauya ta. Da na nemi sirrin, cewa ka yi in zo mu tsaya tare. Ni kuwa tsayuwa babu ciniki ba ta cikin jinina. Sai ka gama nake shigowa in danna maɓalli, in kwashi godiyar ɗalibai. Ka sani sarai, amma ba ka taɓa tona ni ba. Har shugaban sashe ka gaya wa hannuna ya faɗa.

To, ga ranar ta zo. Wata ɗaliba, uwar 'ya'ya biyu, ta kawo min abin da ta tatso daga saiwoyi cikin shekara biyu. Bai cika cokali ba, kuma babu wani. Litinin za ta miƙa sakamako. Ta ce, "Yallaɓai, tunda magajin Baba na nan, hankalina kwance." Kwana uku ina ce mata fitilar na'ura ba ta yi zafi ba. In danna, ina caca da guminta. In yi magana, kujerata ta tafi. Gaba kura, baya sayaki.

Gobe zan mayar mata da kwalbarta lafiya, in gaya mata ban iya ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da jikoki. Allah Ya ba su haƙurin rashi. Yadda ya rufa min asiri shekara shida, ya Allah, Ka rufa masa nasa ranar tsayuwa.