Ranar da Hajiya Gambo Ta Ciji Ɗanyen Zaitun

Wata rana wata dattijuwa, Hajiya Gambo, ta sauka a ƙasar Montenegro don ganin yarinyar da ɗanta Nafi'u ke son aura a can inda yake aikin likita. Ya ce in ba ta sa albarka ba, ya haƙura.

Ita kuwa tun a filin jirgi ta yanke hukunci. Yarinyar, Amra, a tsaye ta gaishe ta, ido cikin ido, ko rusunawa babu.

Washegari kakar Amra ta kai su gonar zaitun.

Shekara arba'in Hajiya tana shafa man zaitun a gwiwa, ba ta taɓa ganin bishiyarsa ba. Da ta gan ta, har ƙwalla ta yi. Ta tsinki ɗa ɗaya, ta yi bismillah, ta ciza.

Ɗaci kamar maɗaci!

Ta furzar, tana goge harshe da bakin mayafi.

"Nafi'u, ka tabbata wannan ne mai albarkar? Ko gonar wani suka kawo mu?"

Da ya fassara, kakar Amra ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Inna, ta ce su maslina suke kiransa, daga kalmarsu ta mai. Wai kakanninsu ma man suka fara sani kafin bishiyar, kamar ke. Kuma ba a cin sa daga tsinka, sai an jiƙa."

Sai ga Amra da gudu, ɗauke da kwalbar jiƙaƙƙen zaitun. Ta miƙa wa Hajiya da hannu biyu.

Hajiya ta ɗanɗana a tsorace. Ta sake ɗauka. Ta kuma.

"Tun ranar da ta ji za ki zo ta jiƙa shi," in ji Nafi'u. "Kullum da safe sai ta canza ruwan, wata guda cur. Ko ni ta hana ni taɓawa."

Hajiya ta daɗe tana kallon yarinyar. Can ta jawo ta jikinta.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Kai kuma Nafi'u, cire hannunka daga kwalbar nan, ba kai aka yi wa ba."

Darasi: Kada ki yanke wa mutum hukunci daga haɗuwar farko. Wataƙila ya daɗe yana yi miki tanadin alheri ba ki sani ba.

Ki tura wa duk wadda ke shirin karɓar suruka.