Tsatsar da Baba ya goge

Shekarar da Baba ya zo mana Greensboro, sai da ya yi wata uku bai ga abin da ya burge shi ba. Na kai shi manyan kantuna, na zaga da shi Irving Park don ya ga gidajen masu hali, abin da ya tambaye ni kawai shi ne ina masu gidajen suka tafi, don bai ga kowa a ƙofa ba. Daga nan ya koma zaman falo a gidanmu na haya da ke bayan Gate City Boulevard, daga shi sai carbi. In ya yi wa jikokinsa Hausa su amsa masa da Turanci, in ya juya Turancinsa na zamanin Turawan mulki su kwashe da dariya.

Baba bakanike ne. Duk ƙuruciyarsa a gidan wutar garinmu ta ƙare, wajen kula da injuna uku da Turawa suka kawo a jirgin ƙasa tun kafin a haife shi. Mun tashi muna jin yana tsine wa injunan. Ya dawo gida da baƙin mai har gwiwar hannu, ya ce Bature ya tattara tarkacen da ya gaji da su ya jibge mana, shi yana can yana morar sababbi. Burinsa a duniya ya ɗora hannu a kan sabon inji. Shi ya sa da biza ta fito na ce masa ga ƙasar sababbin abubuwa nan, ya zo ya more idonsa.

Ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. A lokacin ina zuwa Summerfield wurin wani tsohon Bature da ɓarin jikinsa ya shanye. Gidan a tsakiyar fili yake, da wani ƙaton ɗakin katako a baya wanda aka gina don dawaki, amma dawakin sun daɗe da ƙarewa. Wata rana Baba yana da ganin likitan ido da la'asar, maigidana kuma yana kan hanya da tirela, sai na taho da shi na roƙe shi ya jira ni a mota awa biyu. Da na fito ban same shi ba.

A ɗakin dawakin na tarar da shi. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya tsuguna gaban wani tulin ƙarfe mai manyan wili biyu, wanda ni kullum nake ɗauka kayan bola ne. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, kin san ko mene ne wannan? Ƙanen namu na gidan wuta ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ni dai aikina nake ji, don ba a yarda mu kawo kowa gidan da muke aiki ba. Na koma ciki na ba tsohon haƙuri. Maimakon ya yi faɗa, sai ya ce in tura kekensa zuwa can.

Ranar mun rasa ganin likita. Tsohon ya ba da labari cewa injin na wata ƙaramar masaƙa ne da ke bakin rafi, tun lokacin da wayar lantarki ba ta iso ƙauye ba, kowace masana'anta ita ke yi wa kanta wuta. Kakansa ne ke kula da shi. Da dare masaƙar takan yi haske kamar rana, amma kakan in ya tashi aiki gidansa yake komawa ya kunna fitilar kananzir. Baba ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce su ma haka, wutar da suke yi unguwar Turawa take tafiya, da bariki, da asibiti, shi kuwa sai shekarar da aka haife ni aka ja waya layinmu. Na lura tun zuwansa ƙasar wannan ne Bature na farko da ya fahimci Turancinsa ba tare da ya ce ya maimaita ba.

Tun daga ranar Baba ya samu wurin zuwa. Mutumin da ya shekara talatin yana zagin tsofaffin injuna shi ne yake riga ni shiga mota da safe, da tsohon wandon maigidana a leda. Ya jiƙa fistin da kananzir kwana da kwanaki har ya saki. Ya yanka gasket, abin toshe tsakanin ƙarafa, da kwalin madarar yara. Ya bi jikin injin da buroshin waya da samfefa, saƙo-saƙo, har ƙarfe ya fito fes. Tsohon yana gefe a keke, bargo a cinya, yana ba da umarni, Baba yana cewa to yallaɓai yana yin abin da ya ga dama. Da Hausa ya ce mini Baturen ya san tarihi, amma da gani bai taɓa riƙe sufana da sunan neman abinci ba. In azahar ta yi ya shimfiɗa kwali a gefen wili ya yi sallarsa, tsohon ya dakata da ba da umarni har Baba ya sallame.

Da ya gama sai ya sa na sayo fenti kore da ja. Ya ce injiniyan da ya koya masa aiki cewa yake inji mai tsatsa abin kunyar mai shi ne. Ya fente jikin kore, ya ja wa wili layi ja, ya goge tagulla da lemon tsami da toka har kana ganin fuskarka.

Wata Asabar da hantsi aka tayar da shi. Baba ya gasa kan injin da wutar gas har ya yi ja, maigidana ya kama wili yana juyawa yana haki. Injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru, sannan ya kama, dum, dum, dum, har ƙasa tana amsawa a tafin ƙafata. Ƙwan fitila ɗaya da aka rataya a jikin katako ya yi ja, ya yi fari. Mu manya huɗu muka tsaya muna kallon ƙwai ɗaya da rana tsaka, a gidan da ko ɗakin wanki fitila uku gare shi. Tsohon yana hawaye. Baba kuwa ya kafa sukudireba a jikin injin ya ɗora kunne a kai, ya ce bawul ɗaya yana ɗan zuƙar iska.

Ashe ɗan tsohon, wanda ke zaune a wani gari, ya riga ya yi wa wasu mutane alkawarin injin. Su ne suka mayar da wata tsohuwar masaƙa a cikin gari gidajen haya da wuraren cin abinci, suna neman kayan da za su ƙawata zauren shiga. Suka turo wata mata masaniyar kayan tarihi da kyamara a wuya. Ta shiga ɗakin dawakin, ta tsaya cak, ta tambaya wa ya yi wannan aiki. Baba, wanda ya sa sabon kaftani don zuwanta, ya matso gaba.

Cikin ladabi ta yi maganar, irin ladabin mutanen nan da sai ka je gida kake gane an yi maka faɗa. Ta ce aikin ya yi kyau matuƙa, sai dai tsatsar da ɓurɓushin tsohon fentin su ne tarihin, su a yadda yake a hoton da ɗan tsohon ya tura musu tun kafin gyara suke son sa. Baba ya ji Turancin sarai, amma ya juyo ya ce in fassara masa, ko kunnensa ne.

"Tsatsar take so?"

"Ita take so, Baba."

"To ai tana nan, ban zubar ba."

Ya zaga baya ya dawo da bokiti cike da jan garin da ya kankare, ya ajiye a gabanta. Matar ta yi murmushi, ta rasa ko wasa yake. Ni na san ba wasa yake ba, Baba bai taɓa zubar da abin da ya fito daga jikin inji ba sai mai inji ya gani.

Duk da haka sun ɗauke shi. Bayan wata guda na kai Baba ya gani. Yana tsakiyar zaure kusa da mai sayar da kofi, an kewaye shi da igiya. An tsiyaye man, an saƙala ƙarfe a wili don kada yara su juya, kuma an samo wani gwani ya dusashe fentin, ya zana masa tsatsa a gefe-gefe. Allon da ke gabansa ya ce injin ya daina aiki tun zamanin kakanni. Baba ya zaga shi sau biyu, hannu a baya. Ya ce wanda ya yi tsatsar nan ya iya aikinsa, don har inda ruwa ke taruwa ya sani. Sai ya tambaye ni ko a nan wannan ma sana'a ce da ake koyo a makaranta, na ce ina jin haka ne.

Washegari tsohon ya tambaye shi yaya ya baro injin. Baba ya ce lafiyarsa ƙalau, ya yi ritaya, an ba shi ɗaki mai na'urar sanyi. Tsohon ya yi dariya har ta koma tari, sai da na ba shi ruwa. Da ya lafa Baba ya tambaye shi wancan abin da ke ƙarƙashin tamfol a ɗakin dawakin fa. Wani tsohon famfon rijiya ne mai ƙaramin inji, wanda matar tsohon ke ban ruwan lambu da shi kafin ta rasu.

Mako biyun da suka rage masa kafin ya koma gida a kan famfon ya ƙarar da su. Ciki kawai ya gyara, bai bari ko tsumma ya taɓa bayan ba. Ɗan tsohon ya zo ya wuce ta gaban famfon sau biyu bai ko kalle shi ba. A bazarar nan ni da tsohon muka shuka tumatir da kuɓewa a bayan ɗakin dawakin, da famfon nake ba su ruwa kowace safiya kafin in ɗora masa shayi.