Kalkuletar Aljihun Falalu

Falalu mai gyaran rediyo ne a Talata Mafara, amma shagonsa ya fi zama a rufe. Yau yana Bakura, gobe ya hau babur sai Maradun, yana bin 'yan kasuwa su sayar masa da tsofaffin kalkuletoci, ko da sun mutu. Masu aiki da hasken rana yakan shanya su a tabarma kamar barkono.

Shi ba lissafi ya dame shi ba. Maɓallai yake dubawa, ya ga wanda yatsa ya cinye. Ta mai sayar da hatsi, alamar sau ce ta goge. Ta wani malami mai rabon gado a Faru, alamar rabawa ta lotsa har ta yi rami. Da ya gane sana'ar mai ita sai ya jefa ta kwali, hankalinsa ya koma kan wadda bai samu ba.

Wata Talata, kasuwa na ci, mutane na jiransa da rediyoyinsu, ya ji labarin wata kalkuleta a Janbako. Yana neman makullin babur, matarsa Hauwa'u ta miƙo masa tasa kalkuletar, wadda ta ciro daga aljihun rigarsa da za ta wanke.

"Malam, karanta mini wannan."

Ya juya ta a haske. Lambobi da alamomi duk tas, kamar yau aka sayo. Maɓallin kunnawa kawai ya goge, sai na sharewa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ta ko ta ga makullin.