Safiyar da Kakata Ta Ɓace Mini

Shekarun baya, ina zaman jiran aiki bayan na gama bautar ƙasa, aka ɗora mini kula da kakata. Tsufa ya kama ta sosai a lokacin, mantuwa kuma ta fara shigarta. Wata rana ta kira ni da sunan kakana da ya rasu tun ban zo duniya ba, wata rana ta aike ni ɗibar ruwa a rijiyar da aka cike tun mahaifiyata tana yarinya.

Wanda ya san ta da ƙarfinta ba zai ce ita ce ba. A unguwarmu ta Ƙofar Guga ita ke karɓar haihuwa, ita ke wankan gawar mata, ita ke zaman jinyar wanda ba shi da kowa. Ba wanda ya taɓa ɗaukarta aiki. Mayafi kawai take ja ta fita.

Wata safiya da damina, mahaifiyata za ta tafi wurin aiki ta ce, "Don Allah ka sa mata ido." Na ce an gama. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta kamar wani soja. Gari ya yi luf, ƙasa na ƙamshi, bishiyar bedin tsakar gida na ɗigar da sauran ruwa. Sojan nan bai yi minti goma ba barci ya kwashe shi. Da na farka, babu ita, babu sandarta.

Na fita ko takalmi babu. Ina gudu ina tuna kwalbatocin da suka cika maƙil, ina tunanin bakin da zan faɗa wa mahaifiyata. Mai shayin bakin layi ya rufe tukunyarsa ya biyo ni. Wata mai ƙosai ta ce ta ga wucewarta, har tsohuwar ta sa mata albarka. A bakin titi muka tarar da wani mai keke Napep, da jin kwatance ya ce, "Hajiyarmu? Ai ni na kai ta. Cewa ta yi ana jiranta a asibitin haihuwa. Matar da ta yanke mini cibi, ni wa da zan tsaya yi mata tambaya?"

A ƙaramin asibitin muka sami wata nas, dattijuwa 'yar Filato, wadda ta daɗe da sanin kakata. Ta ɗora yatsa a baki, ta ɗan ɗaga mini labule.

Kakata na zaune a gefen gado, hasken taga ya sauka a farin gashinta. Ta riƙe hannun wata matashiya mai naƙuda, baƙuwa ce da mijinta ya kawo ya tafi ɗauko danginta daga ƙauye. Tana shafa goshinta tana cewa, "Sannu ɗiyata, saura kaɗan. Riƙe ni da kyau, ba inda za ni." Muryarta tas, irin wadda na manta tana da ita.

Nas ɗin ta ce mini a hankali, "Tun ɗazu yarinyar ke kuka ta ƙi kowa. Da Mama ta zauna ta yi shiru. Ka bar ta."

Na zauna a benci ƙafa duk laka, har azahar, sannan na ji kukan jaririya. Da kakata ta fito, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma mi ya same ka, maigida? Wa ya bar ka ka fito haka?"

Ba ta ga wata daminar ba.

Har yau ina jinjina abin. Sunayenmu sun gudu daga kanta, hanyar gida ma ta ɓace mata, amma zama kusa da mai jin tsoro bai bar ta ba har ƙarshe. Ban taɓa sanin sunan matar nan ba, ita ma ba ta san ko wace ce tsohuwar ba. Wani lokaci idan 'yan firamare suka taso, nakan tsaya ina kallon 'yan matan cikinsu, ina cewa a raina wataƙila ga ta nan, ta ƙarshen da kakata ta tarba.