Wandon Balur da Na Ara wa Laminu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Laminu makwancinsa. Ni na kama gaban makara. Duk shekara nakan rubuta 'yan layuka a nan in yabe shi, amma bana alƙalamin ya yi mini nauyi.

Muna samari na sayi wani wandon balur wajen masu gwanjo, ruwan ƙasa, mai layi-layi. Wanda ya taɓa sa irinsa ya san ba ya rufa asiri: kana tafiya cinya na gogar cinya, yana shuu-shuu, shuu-shuu. A kunnena kuwa waƙa ce, domin da shi nake zuwa unguwar Birni zance wajen Falmata bayan la'asar. Na cika kaina da littattafan soyayya na kasuwa, ina ganin labarinmu ya fi nasu daɗi.

Mahaifinta, Ba Kyari, ya makance, kullum yana zaure. Kunya ba ta barina in buɗe baki gabansa. Durƙusawa nake, in yi gaisuwa can ƙasan maƙoshi, in wuce. Bai san muryata ba, bai riƙe sunana ba. Mai wando mai kuka yake ce mini, kuma an ce yakan yaba ladabina.

Da aka tura ni koyarwa lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyen Zermu, Laminu, abokina tun muna makarantar allo, ya ce zai riƙa kai mata wasiƙuna. Ya kuma roƙi aron wandon, wai ƙauye zai lalata shi. Na ba shi ina dariya. Wata bakwai ina rubutu, ina zuba furanni da taurari a takarda, amsa shiru. Sai goron ɗaurin auren Laminu da Falmata. Na ce zuciya ta bi wanda take so, haka littattafai suka koya mini. Na je biki, na haɗiye abina.

Watan jiya, wajen sunan jikansu, wani saurayi ya gifta da irin wandon, don yayinsa ya dawo. Falmata ta ji ƙarar, ta yi murmushi irin na tsofaffi.

"Mushe, ka ci amanata fa," ta ce cikin wasa, tana kirana yadda ake kiran malaman lakwal. "Ko ban kwana babu, sai aiken wando?"

Ban gane ba. Ta ce Laminu ya zo sanye da shi, ya gaya mata na samu wata a Zermu, na bar masa wandon alamar na janye. Wasiƙa ko ɗaya ba ta gani ba. Ya ci gaba da zuwa, yana durƙusa wa tsohon ba ya ɗaga murya. Ranar da manyansa suka zo neman aure, tambaya ɗaya Ba Kyari ya yi, ko yaron nan ne mai wando mai kuka. Aka ce shi ne, ya ce ya ba shi. Ita kuma fushi da ni ya hana ta gyara maganar.

Na ce mata ban taɓa janyewa ba. Sai ta tashi wai za ta duba tukunya.

Ina tambayar kaina me Laminu zai ce da ya ga yaran yau. Saurayi yana Zermu yana kallon fuskar budurwarsa ta wayar salula, babu ɗan aike a tsakani. Ko zai yi dariyar nan tasa mai sa ka manta kana fushi, ko zai sunkuyar da kai, ban sani ba. Ashe ban san shi ba kamar yadda nake rubutawa.

Ba zan danne gaskiya ba. Ya riƙe Falmata da mutunci, ya yi jinyar mahaifiyata ina nesa, 'ya'yansa Baba suke ce mini. Amma shekara ashirin da biyu yana sa hannu kwano ɗaya da ni, yana kallon idona, tuwon bai taɓa shaƙe shi ba. Wannan ne na kasa ɗauka.

Babban ɗansa ya roƙe ni in ja addu'a ranar Juma'a, kamar kowace shekara. Zan je, don shi bai yi mini komai ba, kuma zan roƙa wa uban gafarar Allah da zuciya ɗaya. Tawa kuwa, Laminu, sai ka ɗan jira.