Yadda Aka Yayyaga Littafin Malam Sabi'u

Gwarzo zuwa Kabo

Ana idar da sallar asuba na bar Gwarzo, zan je Minna saro doya. A Kabo na roƙi direba ya tsaya, don Malam Sabi'u, abokina a harkar rubuta littattafan labari, yana jirana a bakin titi. Ya miƙo min sabon littafinsa, kashi na ɗaya.

"Alhaji, daga wannan na ajiye biro, kowa ya koma waya. Karanta ka gaya min gaskiya."

"Ka san ni, ko ruɓaɓɓiyar doya ba na ɓoye wa mai saye."

Cikin jirgin ƙasa

Na sha koko da ƙosai a tashar Kano, na samu kujera jikin taga. Na buɗe littafin, labarin wa da ƙane ne da suka gaji san huɗa guda ɗaya, ga damina ta faɗi. Kafin Zariya sai da na share hawayen dariya. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce, "Malam, kai kaɗai za ka cinye?"

Na karanto wa fasinjoji har murya ta dushe. Sai ta karɓe littafin, ta zare wayar ɗinkin, ta tsaga shi falle-falle. Haka suke yi a gidansu, in ji ta: wanda ya gama falle ya miƙa wa na baya.

"Hajiya, shi ke nan min fa!"

"Kai da ka ce doya kake sayarwa, da ɓawo ake cin ta?"

Takardu suka bi kujeru. Wani dattijo makiyayi da ake karanta wa ya yi ta faɗa, wai ƙanen mugu ne, yana huɗa bai ba san dusa ba.

A Kaduna Hajiya za ta sauka, ta nemi kashi na biyu. Na ce marubucin ya daina.

"Ya bar san a hannun wannan azzalumin? Ka ce masa ban yafe ba."

Komowa

Doya ta yi kyau a Minna, na biyo motar kaya. A Kabo na miƙa wa Sabi'u bango zalla, na ba shi labari, na ƙara da cewa babi na uku ya yi tsawo.

Ya daɗe yana jujjuya bangon, sannan ya ce, "Dattijon nan, me ya ce ya kamata a yi da san?"

Na bar shi yana neman takarda. Na isa gida kafin magariba, lafiya lau. Godiya ta tabbata ga Allah.